Manhajar Kariya Ta Kama Tirojan A Kwamfutar Gida: A Killace, A Goge, Ko A Sake Ɗora Windows?

Abin yakan zo ne ba zato ba tsammani. Mutum yana tsakiyar aikinsa a kwamfutar gida, sai wata 'yar sanarwa ta leƙo daga ƙasan allo cewa manhajar kariya ta gano barazana, idan ya buɗe kuma ya tarar da wani dogon suna mai ɗauke da kalmar tirojan, wato wata irin muguwar manhaja, ga maɓallai suna jiran ya taɓa ɗaya: a killace, a goge, ko a ƙyale. Mafi yawan mutane kan danna na gogewa, su ga alamar kore ta dawo, su sauke ajiyar zuciya, su ci gaba da abin da suke yi. Wani lokaci hakan ya wadatar, wani lokaci kuwa an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Abin da ke raba yanayin biyu shi ne amsar tambaya guda wadda ya kamata a yi kafin a taɓa kowane maɓalli: shin tirojan ɗin ya samu damar yin aiki a cikin kwamfutar, ko kuwa an cafke shi ne tun yana bakin ƙofa? Duk kwatancin da zan yi a nan a kan wannan tambayar ya rataya.

Kafin a kai can, a tabbatar sanarwar ta gaskiya ce. Akwai shafukan intanet da ke cika allo da jan rubutu, wasu har da ƙarar gargaɗi, suna cewa an gano tirojan kaza, a kira wata lamba nan take ko a sauke wata manhaja domin gyara. Wannan damfara ce tsagwaronta, domin shafin intanet ba shi da ikon bincika fayilolin da ke cikin kwamfuta, kuma kamfanin Microsoft ba ya sa lambar waya a cikin saƙonnin gargaɗinsa. A rufe burauzar, a buɗe manhajar kariyar da kanta, a duba tarihin abubuwan da ta kama. Idan babu komai a can, to babu maganar tirojan, kuma wanda ya bi umarnin wancan shafin shi ne zai shigo da tirojan na gaske da hannunsa.

Sunan tirojan ya samo asali ne daga tsohon labarin Girkawa na dokin katako da mutanen birnin Tiroy suka ja zuwa cikin ganuwarsu da kansu, alhali mayaƙan abokan gaba suna ɓoye a cikinsa. Bambancinsa da bairos na asali yana da muhimmanci ga zaɓin da muke magana a kai. Bairos yana manne kansa ne a jikin fayiloli masu kyau ya yi ta yaɗuwa, shi ya sa akan iya wanke fayil a raba shi da cutar a bar shi lafiya lau. Tirojan kuwa kura ce da fatar akuya: yakan zo da siffar manhajar da ake nema kyauta, ko takardar biyan kuɗi a cikin imel, ko wani sabuntawa na bogi, kuma galibi babu wani sashe mai amfani a jikinsa da za a ce a ceto. Aikinsa ya kasu iri-iri. Akwai ɓarawo, kamar Zeus wanda ya bayyana a 2007 yana satar bayanan shiga banki. Akwai mai buɗe ƙofar baya, wanda ke bai wa mai kutse damar sarrafa kwamfutar daga nesa. Akwai kuma ɗan rakiya, wanda aikinsa ya shigo da wasu miyagun manhajoji bayan ya samu wurin zama. Emotet ya fara ne a 2014 a matsayin ɓarawon bayanan banki, daga baya ya koma wannan sana'a ta shigo da wasu, har jami'an tsaro na ƙasashe da dama suka haɗu suka rusa cibiyoyinsa a watan Janairu na 2021, amma kafin shekarar ta ƙare ya sake ɓullowa. Wanda ya fahimci wannan zai gane cewa fayil ɗin da manhajar kariya ta nuna masa ba lalle ne ya zama shi kaɗai ba.

Saboda haka aikin farko karatu ne. A ɗauki hoton sanarwar da waya, ko a rubuta abu biyu a takarda: cikakken sunan abin da aka kama, da kuma wurin da aka same shi. Manhajar kariya ta Microsoft Defender, wadda ke zuwa a cikin Windows 10 da Windows 11, tana rubuta suna ne a jere: irin barazanar, sai tsarin da take aiki a kai, sai dangin da ta fito, sai wata 'yar alama a ƙarshe. A ɗauki misalin Trojan:Win32/Wacatac.B!ml, sunan da mutane da yawa suka taɓa cin karo da shi. Haruffan nan biyu na ƙarshe suna nufin ba wani ƙwararre ne ya zauna ya tantance wannan fayil ɗin ba, na'ura ce ta kwatanta kamanninsa da na miyagun da aka koya mata ta ga sun yi kama, kuma irin wannan hukunci yakan faɗa wa mai laifi, yakan kuma faɗa wa wanda bai ji ba bai gani ba. Amma idan sunan ya fara da Backdoor, ko PWS, ko TrojanSpy, ko TrojanDownloader, to an faɗa wa mutum aikin da abin yake yi a fili: buɗe ƙofar baya, satar kalmomin sirri, leƙen asiri, ko sauko da wasu. Waɗannan ba a yi musu riƙon sakainar kashi.

Wurin da aka same shi ya fi sunan ba da labari. Idan yana cikin foldar da ake sauke abubuwa, a ƙunshe cikin wani fayil da ba a taɓa buɗewa ba, ko maƙale da wani imel da ba a danna ba, ko a ma'ajiyar wucin gadi ta burauza, to alamu sun nuna an kama shi ne kafin ya motsa. Idan kuwa an same shi a ɓoyayyun foldoji irin su AppData ko ProgramData, ko a cikin jerin abubuwan da ke tashi da kansu duk sa'ad da aka kunna kwamfuta, ko manhajar kariyar ta ce ta dakatar da shi yana kan aiki, to ya riga ya kwana a gidan. A nan ma mutum ya yi wa kansa gaskiya: ka danna fayil ɗin ko ba ka danna ba? Ka kashe kariyar na ɗan lokaci domin wata manhaja ta shiga? Wani a gidan ya yi? Idan amsar e ce, ko kuma ba a tabbata ba, a cire kwamfutar daga intanet tun yanzu, a ɗauke ta a matsayin wadda aka riga aka shiga.

Bari mu fara da yanayi mai sauƙi, inda aka kama shi bai yi aiki ba. A nan zaɓin yana tsakanin killacewa da gogewa, kuma ni ina tare da killacewa ba tare da wata tantama ba. Killacewa tana nufin manhajar kariya ta ɗauke fayil ɗin daga inda yake, ta jirkita shi ta yadda ba zai iya tashi ba, ta kulle shi a wata ma'ajiya da ita kaɗai ke da mabuɗinta. Ta fuskar tsaro babu abin da gogewa ta fi ta da shi, domin fayil ɗin da ke killace ba ya iya cutar da kowa, kuma ba ya tserewa. Abin da killacewa ta fi gogewa da shi shi ne ana iya komawa baya. Manhajojin kariya suna kuskure, har da manya daga cikinsu: a watan Afrilu na 2010 wani sabuntawa na McAfee ya ɗauki svchost.exe, fayil ɗin da Windows XP ba ya aiki sai da shi, a matsayin cuta, kwamfutoci masu ɗimbin yawa suka shiga kashe kansu suna sake kunnuwa ba tsayawa. Irin wannan babban kuskure ba ya yawan faruwa, amma ƙananansa suna faruwa kullum, musamman a kan manhajojin ƙananan kamfanoni, da kayan aikin masu rubuta manhaja, da tsofaffin wasanni. Wanda ya goge ya rufe wa kansa hanya, garin gyaran gira ya rasa ido, wanda ya killace kuwa yana da lokacin da zai bincika a tsanake, idan ya tabbata mugu ne ya goge shi daga ma'ajiyar bayan mako ɗaya ko biyu. A dai sani cewa wasu manhajojin kan share abin da ya daɗe a killace da kansu, don haka kada a bar binciken ya yi watanni.

Hanyar binciken da aka fi sani ita ce shafin VirusTotal, wanda aka kafa a ƙasar Sifen a 2004 kuma Google ya saya a 2012, inda injinan kariya kusan 70 ke duba fayil guda a lokaci ɗaya. Idan biyu ko uku ne kawai suka yi ƙorafi da sunaye na gama-gari, kuma an sauke fayil ɗin daga shafin kamfaninsa na ainihi, akwai yiwuwar ƙarya aka yi masa. Idan talatin ko arba'in suka haɗu a kansa, magana ta ƙare. Sai dai a kiyaye abu biyu: fayil ɗin da aka ɗora a can yana iya isa hannun masu bincike a ko'ina cikin duniya, don haka ba a ɗora takardun sirri ko na aiki, sannan sabon tirojan yakan yi kwanaki kafin yawancin injinan su san shi, ke nan ƙarancin ƙorafi ba shaidar wanke kai ba ce idan asalin fayil ɗin abin zargi ne.

Game da maɓalli na uku, na ƙyalewa, maganata gajeriya ce. Ba a taɓa shi sai an san wanda ya rubuta manhajar, an san inda aka samo ta, kuma an bincika. Masu rarraba manhajojin da aka fasa wa makulli sukan rubuta a cikin umarninsu cewa gargaɗin ƙarya ne, a kashe kariya kafin a ɗora, kuma ta wannan ƙofar ce ɓarayin kalmomin sirri da yawa ke shiga gidaje. Shaidar wanda ake zargi a kan kansa ba abar dogaro ba ce.

Yanzu ga yanayi mai nauyi, inda tirojan ya riga ya yi aiki. A nan killacewa da gogewa duk sun zama ƙaramin al'amari, domin dukansu fayil guda suke magancewa, alhali abin tambaya shi ne me ya bari a baya kuma me ya kwasa ya tafi da shi. Hanyoyi uku ne a gaban mai kwamfuta: ya yi tsabtacewa mai zurfi ya ci gaba da Windows ɗin da yake da shi, ko ya yi amfani da tsarin mayar da kwamfuta sabuwa da ke cikin Windows, ko ya share faifan gaba ɗaya ya ɗora Windows daga filash, abin da masu gyara ke kira fomatin.

Tsabtacewa mai zurfi tana farawa ne da binciken da ake yi Windows bai tashi ba. Dalili kuwa shi ne wasu miyagun manhajoji, idan suna kan aiki, suna iya ɓoye kansu daga mai bincike ko su sake rubuta kansu da zarar an goge su, amma idan aka zo musu suna barci ba su da wannan dabara. Microsoft Defender Offline yana yin haka: yakan kashe kwamfutar ya sake kunna ta a wani ƙaramin tsari na daban, ya yi bincike na kimanin minti 15, sannan ya dawo. Bayansa a nemi ra'ayi na biyu daga wani mai bincike na daban, kamar Malwarebytes ko ESET Online Scanner, ko Microsoft Safety Scanner wanda ke daina aiki kwana 10 bayan saukewa domin a tilasta wa mutum ɗauko sabo. Ana yin wannan ne a matsayin bincike na lokaci ɗaya, ba a haɗa manhajojin kariya biyu suna gadi tare, domin sukan yi ta taka ƙafar juna. Daga nan sai aikin hannu: a duba jerin wuraren da aka ce manhajar kariya kada ta bincika, a duba ƙare-ƙaren da aka maƙala wa burauza, wato ƙananan manhajojin da ke ƙara mata aiki, a duba ayyukan da aka tsara su riƙa tashi a kan lokaci, a duba ko an ƙirƙiri wani sabon asusu a kwamfutar. Manhajar Autoruns ta Microsoft tana nuna duk abin da ke tashi da kansa, amma jerin yana da tsawo ƙwarai, kuma wanda bai saba da shi ba zai sha wuyar bambance bare da ɗan gida.

Amfanin wannan hanya a bayyane yake. Manhajoji suna nan yadda aka tsara su, ba a nemi lasisi ba, ba a kwashe fayiloli ba, aikin yini guda ne ko ƙasa da haka. Rauninta kuma guda ne, amma babba: bincike yana iya tabbatar da cewa akwai cuta, ba ya iya tabbatar da cewa babu. Duk abin da alamar kore ke faɗa shi ne manhajar ba ta ga wani abu da ta sani ba. Idan abin da aka kama mai cusa tallace-tallace ne, ko mai sauya shafin farko na burauza, ko wanda aka dakatar a daidai lokacin da aka danna shi, na yarda a tsaya a nan, a sa ido na makonni biyu ko uku, a sake bincike bayan an sabunta manhajar kariyar. Amma idan mai buɗe ƙofar baya ne ko ɗan rakiya, to wani mutum mai hankali ya samu damar shiga ya yi abin da ya ga dama, kuma babu wata manhaja da za ta iya lissafa duk abin da ya taɓa.

Na ga wannan da idona a kwamfutar wani ɗan'uwana. Ya sauke wata manhajar haɗa bidiyo da aka fasa, ya bi umarnin da ke ciki ya kashe kariya, bayan kwana biyu ya tuna ya kunna, nan take ta kama fayil ɗin da ya sauke, ya goge, hankalinsa ya kwanta. Bayan kamar mako guda abokansa suka fara kiransa suna tambayar wane irin saƙo ne yake tura musu. Da muka zauna gaban kwamfutar, cikakken bincike ya ce komai lafiya. Sai da muka buɗe jerin wuraren da aka keɓe daga bincike muka ga wata folda a cikin ProgramData mai suna kamar na Windows, wadda shi bai taɓa sa ta a jerin ba, bai ma san akwai jerin ba. Tirojan ɗin ne ya rubuta wa kansa takardar izini a kwanaki biyun da aka bar ƙofa a buɗe, manhajar kariya kuwa ta riƙa wuce foldar kullum ba ta leƙa ba, domin an ce mata kada ta leƙa. A cikin imel ɗinsa kuma muka tarar da wata ƙa'ida da ke tura kwafin duk saƙon da ya shigo zuwa wani adireshi da bai sani ba. Tun daga ranar na daina ɗaukar alamar kore a matsayin hukuncin ƙarshe.

Akwai masu cewa a mayar da Windows zuwa wata rana ta baya ta hanyar System Restore. Ban ba da wannan shawara ba. An gina wannan tsari ne domin warware matsalar sabuntawa ko manhajar direban na'ura da ya kawo cikas, ba ya taɓa fayilolin mutum, kuma wuraren komawar da aka adana bayan cutar ta shiga suna iya ɗauke da ita.

Hanya ta biyu, wato Reset this PC, tana tsakiya ne tsakanin tsabtacewa da fomatin, kuma ita ma ta rabu biyu. Idan aka zaɓi a bar fayilolin mutum, Windows zai cire dukan manhajojin da aka ɗora ya mayar da saituna yadda suka zo, amma takardu da hotuna da abubuwan da aka sauke suna nan, har da fayil ɗin da ya kawo cutar idan ba a gano shi ba. Idan aka zaɓi a share komai, sakamakon ya yi kusa da na fomatin. Ana kuma tambayar mutum ko a sake gina Windows daga fayilolin da ke cikin kwamfutar, ko a sauko da sabo daga Microsoft, wanda ke iya cin fiye da gigabait 4 na data. Ga kwamfutar da ake zargi, na biyun ne ya dace, domin ba a gina sabon ɗaki da tubalin da ba a yarda da shi ba. Wannan hanya ta fi dacewa da wanda ba shi da wata kwamfutar da zai shirya filash, ko wanda yake tsoron ya rikice a tsakiyar aiki, kuma ga yawancin tirojan na gida, share komai tare da sauko da sabo ya isa. Sai dai kada a manta cewa kwamfutar da ake zargi ce ake roƙo ta wanke kanta, kuma wani lokaci cutar kan lalata tsarin har aikin ya ƙi kammaluwa.

Fomatin daga filash shi ne mafi tsabta kuma mafi wahala. Ana shirya filash mai aƙalla gigabait 8 a wata kwamfuta mai lafiya da manhajar Media Creation Tool daga shafin Microsoft, a tayar da kwamfutar daga gare shi, a share sassan faifan da Windows yake, a ɗora sabo. Lasisin Windows galibi yana ɗaure ne da ita kanta na'urar, don haka yakan dawo da kansa idan an ɗora irin wanda yake a da. Wahalar tana cikin shirin da ke gaban aikin, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Dole a kwashe takardu da hotuna da bidiyo zuwa wani faifai na waje, ba tare da an haɗa da manhajoji ko fayilolin ɗora su ba. A nemo lasisin manhajojin da aka saya. Idan faifan yana kulle da BitLocker, tsarin kulle faifai na Windows, a tabbatar mabuɗin ceto mai lamba 48 yana hannu, wanda sau da yawa yana cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar. Aikin yakan ci yini guda, wani lokaci biyu, kafin komai ya koma daidai. Wanda kwamfutarsa ke kan Windows 10 ya tuna cewa Microsoft ya daina ba shi tallafin yau da kullum tun 14 ga Oktoba, 2025, saboda haka idan na'urar za ta ɗauki Windows 11, wannan ce damar da za a yi aiki biyu a tafiya ɗaya. Akwai miyagun manhajoji da ke shiga can ƙasa cikin tsarin tayar da na'ura har su tsira daga fomatin, kamar LoJax da masu binciken ESET suka bayyana a 2018, amma irin waɗannan ba kasafai ake samunsu a kwamfutar gida ba, kuma bai kamata tsoronsu ya hana mutum yin abin da ke maganin sauran ba.

To wace za a zaɓa? Ma'aunina shi ne abin da ake yi da kwamfutar da kuma irin abin da aka kama. Kwamfutar da ake shiga banki da ita, ko ake ajiye takardun aiki da bayanan wasu mutane, idan tirojan ya yi aiki a cikinta, a share ta, ko da bincike uku sun ce ta warke. Haka nan idan abin da aka goge ya sake dawowa bayan an kashe an kunna, ko manhajar kariya ta ƙi buɗuwa, ko sabuntawa ya daina shiga, ko aka ga linzamin kwamfuta yana motsi da kansa. Yini guda na wahala ya fi sauƙi a kan watanni na zaman ɗar-ɗar. Idan kuwa za a kai ta wurin mai gyara, a faɗa masa sunan abin da aka kama, a nemi ya ɗora Windows na asali daga Microsoft, kada ya cika ta da manhajojin da aka fasa, domin ta haka kwamfuta kan dawo daga gyara da sabuwar cuta. Wuri ɗaya ne zan ce a dakata da sharewa: idan an wayi gari fayiloli sun ƙi buɗuwa kuma ga takardar neman kuɗin fansa. A nan a adana kwafin fayilolin da aka kulle tare da takardar, a duba shafin No More Ransom, wanda hukumar Europol da 'yan sandan Holan suka kafa tare da wasu kamfanonin tsaro a 2016, ko akwai mabuɗin kyauta na wannan dangin.

Akwai kuma aikin da babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da ke yinsa, kuma shi ne wanda aka fi mantawa. Fomatin yana tsabtace kwamfuta, amma ba ya dawo da abin da aka sace. Ɓarayin bayanai na zamani, irin su RedLine da Lumma, ba sa buƙatar dogon zama; cikin ɗan lokaci kaɗan sukan kwashe kalmomin sirrin da burauza ta adana, da bayanan katin banki, da mabuɗan asusun kuɗin kirifto, su aika, wasu ma su goge kansu. A watan Mayu na 2025 Microsoft ya sanar cewa ya gano kwamfutocin Windows fiye da 394,000 da Lumma ya kama cikin wata biyu kacal. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne suna kwashe har da 'yan fayilolin nan da ake kira kukis, waɗanda ke shaida wa shafi cewa mutum ya riga ya shiga asusunsa, kuma wanda ya riƙe su yana iya shiga ba tare da kalmar sirri ba, ba kuma tare da lambar da ake turowa waya ba. Shi ya sa sauya kalmar sirri kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da umarnin fitar da dukan na'urorin da ke cikin asusun, wanda Google da Facebook da Microsoft duk suna da shi a sashen tsaronsu.

A yi wannan aiki daga wata na'ura mai lafiya, waya ko wata kwamfutar, ba daga wadda ake zargi ba, kuma a yi shi a ranar, kafin ma a fara maganar fomatin. A fara da imel, domin ta cikinsa ake sake saita kalmomin sirrin sauran asusu, kuma wanda ya riƙe shi ya riƙe dukansu. A duba lambar waya da adireshin ceto da ke ciki ko an sauya su, a duba ƙa'idojin tura saƙo. Sai banki, a kira su idan an taɓa adana kati a burauza, a nemi su toshe shi su ba da sabo. Sai shafukan sada zumunta da na saye-saye da duk inda aka maimaita kalmar sirri guda, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato neman wata lamba bayan kalmar sirri, a kowane ɗaya. Idan mutane da yawa ke amfani da kwamfutar a gidan, kowa ya sauya nasa, har da yaran da ke da asusun wasanni.

Bayan an ɗora sabon Windows, a bar shi ya gama sabunta kansa tukuna, a tabbatar manhajar kariya tana aiki da sababbin bayanai, sannan a jona faifan da aka kwashe fayiloli a ciki, a yi masa cikakken bincike kafin a buɗe ko da folda ɗaya. Manhajoji kuma a sauko da su ɗaya bayan ɗaya daga shafukan kamfanoninsu. A burauza, idan an kunna daidaita bayanai da asusu, a leƙa jerin ƙare-ƙaren da suka dawo da kansu a cire duk wanda ba a gane ba, domin ta nan ma wani abu daga tsohuwar kwamfutar yana iya biyo mutum zuwa sabuwar.